Ziyarar likitoci da malaman tsohuwar Alƙahira: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma da gyara

Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya Alƙahira ya san ɗaliban nan namu na Azhar da ke yin tafinta. Su ke tarbar mutum a filin jirgi, su kama masa gida a Madinat Nasr ko Dokki, su tsaya tsakaninsa da likita har a sallame shi. Wasu sun ɗora wata sana'a a kan wannan: ranar da ba ka da ganin likita, sai su fita da kai zagayen gari. Galibi dalar Giza ce, da jirgin ruwa a kogin Nil, da kasuwa. Wanda zan yi magana a kansa ya ɗauki wata hanya dabam, ya sa wa nasa zagayen suna ziyarar likitoci da malamai, yana bi da mutane wuraren da manyan masu magani da manyan malaman addini suka zauna a birnin shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Ba zan ambaci sunansa ba, don akwai inda zan taɓa shi. Ni dai Ustaz nake ce masa, shi kuma yana ce mini Hajiya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya. Yayana na raka aikin ido. Shi malamin zaure ne, mutumin Risala da Muhtasar da Jalalaini, wanda tun muna yara yake mini tsiya wai na tafi karatun Nasara. Da aka cire masa bandeji aka ba shi baƙin tabarau, zaman gida ya ishe shi, sai muka kira Ustaz. Ya haɗa mu da wani Alhaji mutumin Maraɗi da matarsa, ya zo da ƙaramar mota mai sanyi. Abin da ya karɓa a kan kowa bai kai kuɗin gwajin jini guda a asibitin da muke zuwa ba, kuma mota da tikitin shiga duk suna ciki. Abinci ne kawai kowa ya biya wa kansa. Ta wannan fuskar ba ni da ƙorafi: abin da ya faɗa a waya shi ya karɓa, bai zo da wani ƙari a hanya ba.

Da sanyin safiya motar ta ajiye mu a Babul Futuh, ƙofar arewa ta tsohon birni, muka shiga titin Mu'izz da ƙafa. Tun a nan na gane yaron ya san inda zai kama mutum. Ya dubi tabaran Yaya ya ce, "Malam, aikin da aka yi maka, a garin nan wani ya fara neman hanyarsa shekara 1,000 da suka wuce." Sai ya ba mu labarin Ammar mutumin Mosul, mai maganin ido da ya zauna a Masar zamanin halifa Al-Hakim. A lokacin abin da aka sani shi ne a soka tsinke a ido a tura yanar ta koma can ciki ta ba haske hanya. Shi Ammar sai ya ƙera allura mai rami a tsakiya yana zuƙo yanar waje, matuƙar tana da taushi. Wannan ya taɓa ni, domin masu tura yanar ido har yau suna yawo ƙauyukanmu, kuma na sha karɓar tsofaffin da suka bi ta hannunsu, ido ya kumbura ya yi ja, wasu ba a iya ceto ganinsu ba.

Zuciyar ziyarar ita ce ginin Sultan Ƙalawun, kuma ko don shi kaɗai mutum ya biya kuɗin bai yi asara ba. Ƙalawun bawa ne da aka saya da dinari 1,000, ya taso cikin soja har ya mulki Masar da Sham daga 1279 zuwa 1290. Yadda masanin tarihi Maƙrizi ya kawo, tun yana kwamanda ciwon murɗar ciki ya kwantar da shi a Sham, aka yi masa magani daga asibitin da Nuruddin, sarkin Sham, ya gina a Dimashƙa a 1154, sai ya yi alwashin in Allah ya ba shi mulki zai gina irinsa a Alƙahira. Ya cika alkawari. An fara aiki a 1284 aka gama a 1285, abu uku a haɗe: makaranta, hubbaren da aka binne shi, da asibitin da ake kira Bimaristan Mansuri.

Ƙofa ɗaya ake shiga, sai wani dogon soro mai tsawon gaske da duhu da sanyi. Hubbare na dama, makaranta na hagu, in ka miƙe har ƙarshe ka faɗa asibiti. Yawancin masu ziyara hubbaren suke rugawa, kuma ban ga laifinsu ba: ginshiƙan dutse manya, alƙibla an yi mata ado da ƙananan duwatsu masu launi, haske na shigowa ta tagogin gilashi masu kala. Matar Alhajin Maraɗi sai da aka janyo ta. Amma Ustaz bai bari mun daɗe ba, ya ce mu wuce baya, can inda ba kowa ke damuwa da zuwa ba. Na ji daɗin wannan shawara tasa. Abin da ya rage na asibitin kaɗan ne: sauran zaurukan da ke fuskantar tsakar gida, ragowar ado a bango, da wani faffaɗan dutsen marmara da aka kwantar a karkace aka yi masa zane, wanda ruwa ke gangarowa ta kansa ya bi magudana ya ratsa wurin. Na sa hannu na shafa zanen. An yi shi ne don ruwan ya riƙa karyewa yana ƙara, yana sanyaya iska ga wanda ke kwance da zazzaɓi. Wanda ya kwana a ɗakin marasa lafiya watan Afrilu babu wuta zai san darajar wanda ya yi wannan tunani. A wani ɓangare na filin an gina asibitin ido a farkon ƙarni na 20, don haka har gobe ana ganin mutane da auduga a ido suna shiga suna fita ta wajen.

A tsakar gidan Ustaz ya zaro takarda daga jakarsa ya karanta mana sharuɗɗan waƙafin da Larabci, yana fassarawa. Asibitin na kowa ne: namiji da mace, babba da yaro, mai kuɗi da talaka, ɗa da bawa, ɗan gari da baƙo. Ba a karɓar ko kwabo, dukiyar da aka tsayar ta shaguna da gidaje ce ke ɗaukar nauyin magani da abinci da albashi. An raba sassa, na zazzaɓi dabam, na ido dabam, na masu rauni da ake yi wa aiki, na masu atini, na masu taɓin hankali, mata kuma da nasu ɓangaren. Akwai ɗakin haɗa magani, akwai inda babban likita ke zama yana karantar da ɗalibai. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙananan abubuwan da aka rubuta: a rufe kwanon abincin kowane mara lafiya, a ba su mafici lokacin zafi, wanda ya rasu ba shi da kowa a yi masa sutura daga asusun. Wannan ba rubutun mai son yabo kaɗai ba ne, akwai hannun wanda ya san aikin ɗaki a ciki. Duk shugabar sashe ta san ba a kan manyan abubuwa ake kunyata ba, a kan murfin kwano ne.

Inda muka fara saɓani da shi kenan. Ya ce asibitin yana ɗaukar marasa lafiya dubbai a lokaci guda. Na san ana yawo da irin wannan lissafi, amma na ce masa, "Ustaz, ido ba mudu ba ne, ya san ƙima. Na jera gadaje a ɗaki tun ba a haife ka ba." Ko an haɗa da ɓangaren da aka rushe, filin da na gani ba zai ɗauki gadajen da ya ambata ba, sai dai in ana nufin har da masu zuwa karɓar magani su koma gida. Ya yi dariya ya ce haka ya ji. To wannan shi ne abin da nake so ya gyara. Gini irin wannan ba ya buƙatar a ƙara masa gishiri.

Amma in na yi masa adalci, bai ɓoye abin da wasu masu zagaye za su ɓoye ba. Shi da kansa ya kawo cewa an yi ginin da zalunci a ciki. Kwamandan da aka ɗora wa aikin, Sanjar Shuja'i, ya tashi mutanen gidan da ke wurin, ya sa fursunonin yaƙi aiki, ya tattaro maginan birnin ya hana su yi wa kowa aiki, har mai wucewa a titi ana tare shi a ɗora masa dutse. Shi ya sa aka gama cikin wata 13. Da aka kammala, wasu masu tsoron Allah suka kai tambaya gaban malamai, aka sami waɗanda suka ba da fatawa cewa salla ba ta halatta a wurin da aka gina ta wannan hanya. Yaya ya tsaya cak ya ce a maimaita masa. Aka maimaita. Ya ce, "To ka ga malamai." Daga nan ya daina tafiya a baya, ya dawo kusa da Ustaz, ya riƙe masa hannu kamar ɗalibinsa.

Sai aka zo kan Ibn Nafis, wanda a kansa aka fi daɗewa, kuma ya cancanta. An haife shi wajen 1213 a yankin Dimashƙa, ya yi karatun likita a asibitin nan na Nuruddin a hannun babban likita Dakhwar, ya koma Alƙahira har ya zama shugaban likitocin Masar, ya rasu a 1288, shekara 3 bayan buɗe wannan asibiti. Gidansa da littattafansa duk ya bar wa asibitin. Na san sunansa tun a makarantar jinya, layi ɗaya a darasin zagayen jini. Abin da ba a gaya mana a aji ba shi ne mutumin faƙihi ne na mazhabar Shafi'i, yana karantar da fiƙihu a makarantar Masruriyya, ya yi rubutu a kan ƙa'idojin hadisi, kuma Subki, mai littafin tarihin malaman mazhabar, ya sa shi cikin jerin malaman Shafi'iyya. Ba likita ne mai ɗan taɓa addini ba, ba kuma malami ne mai ɗan taɓa magani ba. Duka biyun nasa ne.

Ustaz ya yi bayanin abin da ya gano da kyau, har ya zana zuciya a bayan tikitin shiga. Jalinus, likitan Girka da kowa ke bi fiye da shekara 1,000, ya ce jini na ratsawa daga ɓangaren dama na zuciya zuwa na hagu ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani a bangon da ke tsakaninsu. Ibn Sina ma a kan haka ya tafi. Ibn Nafis, cikin sharhin da ya yi wa sashen gaɓoɓin jiki na littafin Ƙanun na Ibn Sina wajen 1242, ya ce bangon nan mai kauri ne, babu ƙofa a jikinsa, ta fili ko ta ɓoye. Jini daga dama huhu yake tafiya, ya gauraya da iska, sannan ya dawo hagu. Maganar ta daɗe a kwance ba a kula da ita ba, sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin Taɗawi, ya ci karo da rubutun a ɗakin karatu a Balin. Alhajin Maraɗi ya ce ashe Turawa sata suka yi. Ustaz bai bi shi ba. Ya ce abin da Ibn Nafis ya bayyana shi ne ƙaramin zagaye, tsakanin zuciya da huhu. Babban zagayen da ya game jiki duka William Harvey ne ya tabbatar da shi a Ingila a 1628. Na girmama shi a kan wannan, don da ya ce sata ce da kowa ya tafa masa.

Na tambaye shi ko mutumin ya feɗe gawa ne ya gani. Ya ce a gabatarwar littafin shi da kansa ya rubuta cewa shari'a da tausayi sun hana shi yin haka. Yaya ya gyaɗa kai. Ni kuwa na yi shiru, don a raina ina ganin wanda ya yi magana a kan kaurin bangon zuciya da wannan tabbaci ya riƙe zuciya a hannunsa, ko da ta rago ce a mahauta. Aka kuma kawo labarin da masu tarihinsa suka ruwaito, cewa a ciwon ajalinsa wasu likitoci sun ba shi shawarar ya sha giya a matsayin magani, ya ƙi, ya ce ba zai gamu da Allah da ita a cikinsa ba. A nan ni da Yaya muka yi 'yar muhawara a tsaye, shi yana kawo hukuncin lalura, ni ina kawo marasa lafiyar da suka ƙi allura da rana cikin azumi. Ustaz ya bar mu muka yi, bai tsoma baki ba sai da aka tambaye shi. Wannan ma iya aiki ne.

Da muka fito ya nuna mana lungun da ke kaiwa tsohuwar unguwar Yahudawa, ya ambaci Musa ɗan Maimun, Bayahude mutumin Ƙurɗuba da ya zauna a Fusɗaɗ, tsohon garin da ke kudancin Alƙahira, babban malamin addininsu ne kuma likitan fadar iyalan Salahuddin, ya rasu a 1204. Ba mu shiga ba. Ya kuma taɓo yadda ake tantance masu magani: muhtasibi, wato jami'in hisba mai sa ido a kan kasuwa da sana'o'i, ke kula da su, mai maganin ido a jarraba shi a kan rubutun Hunain ɗan Ishaƙ, maɗori a tambaye shi ƙasusuwa. A Bagadaza a 931, bayan wani ya mutu a hannun mai magani, halifa Muƙtadir ya sa Sinan ɗan Sabit ya jarraba likitocin birnin, aka sami sama da 860. Na so a ce an zauna an yi wannan magana a natse, amma a kan tafiya aka yi ta, babura suna ta wuce mu.

Daga nan ziyarar ta fara sauka daga kan layi. Aka ce za a ratsa kasuwar Khan Khalili a huta. Hutun ya zama zama a shagon wani mai turare da man habbatus sauda, aka kawo shayi, aka dinga shafa mana turare a bayan hannu har na rasa wane ne wane. Mun fi awa guda a wurin. A bayyane yake akwai la'ada tsakaninsu, kuma ban ƙi ɗalibi ya samu ba, amma a faɗa wa mutum tun farko. Mai shagon ya ɗauko wata kwalba ya ce tana wanke ido, a gaban mutumin da aka yi wa aiki bai cika wata ba. Na karɓe kwalbar na mayar kan kanta da hannuna. Abin da ya ɓata mini rai shi ne Ustaz bai ce uffan ba, shi da ya gama ba mu labarin muhtasibi.

Abincin rana koshari ne, shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, sai ruwan rake mai sanyi. Ya yi daɗi, yana da araha, amma mai ciwon sukari ya zo da nasa.

A masallacin Azhar aka yi azahar, nan kuma yaron ya dawo cikin hayyacinsa, don gidansu ne. Ya yi mana bayanin ruwaƙai, wato ɗakunan da ɗaliban ƙasashe ke zama a da, har da na mutanen Borno. Ya ce tun a shekarun 1240 mutanen Kanem suka kashe dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ don ɗalibansu 'yan Malikiyya da alhazansu. Yaya ne ya lura cewa shekarun nan su ne daidai lokacin da Ibn Nafis ke rubutunsa a kan zuciya, ya ce ke nan mutanen Tafkin Chadi suna garin ana wannan aiki. A tsakar masallacin, muna zaune a inuwa, aka ba mu labarin Abdullaɗif Bagadadi, wanda ya karantar a nan, masanin hadisi da nahawu kuma likita. Yana Alƙahira aka yi yunwar 1200 zuwa 1202, da Nil ya ƙi cika, mutane suka mutu ba adadi. A wani wuri da ake kira Maƙs ya tarar da tulin ƙasusuwa, ya duba ƙoƙon kai sama da 2,000, ya ga muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, ba biyu ba kamar yadda Jalinus ya ce. Ya rubuta cewa duk da girman Jalinus, abin da ido ya gani ya fi abin da aka ji ƙarfi. Na taɓa haɓata ban sani ba.

A shagunan littattafai da ke bayan masallacin Yaya ya ɗauko littafin magani na Rahma fi Ɗibb, wanda kusan kowane mai sayar da littattafai a Kurmi yana da shi, da sunan Jalaluddin Suyuɗi a bango. Ustaz ya ce masa cikin ladabi, "Malam, masu bincike suna cewa wannan ba na Shehu Jalaluddin ba ne, an jingina masa ne." Yaya bai ji daɗi ba, amma ya ce dama akwai abubuwa a ciki da ba su yi kama da alƙalaminsa ba. Duk da haka ya saya. Ustaz ya taya mu ciniki da Larabcin Masar, aka rage mana sosai, kuma a nan ban ga alamar la'ada ba.

Rabin ƙarshe, wato maƙabartar Ƙarafa, shi ne wanda turare ya cinye wa lokaci. Mun isa hubbaren Imam Shafi'i la'asar ta yi, ga aikin tituna ya sa direba zagaye. Imamin ya rasu a 820, ƙubbar kuwa Sultan Kamil ya gina a 1211, da ɗan jirgin ruwa na ƙarfe a ƙololuwarta. A bakin ƙofa Ustaz ya kawo maganar da ake jingina wa Imamin cewa ilimi biyu ne, na addini da na jiki, ya haɗa da ƙorafin Gazali, wanda ya rasu a 1111, cewa likitanci farilla ce ta kifaya amma sai ka ga gari ba likita Musulmi ko ɗaya, kowa ya ruga fiƙihu. Yaya ya juyo ya dube ni ta baƙin tabarau ya ce, "Kin ji, ashe ke kika sauke mana." Daga bakinsa wannan lambar yabo ce.

Abin da na fi jin takaicin rashin lokaci a kansa shi ne maganar annoba. Ibn Hajar Asƙalani, mai sharhin Buhari, yana kwance ba nisa da wurin, kuma Ustaz a cikin mota ya ba mu labarinsa. Bayan babbar annobar 1348 zuwa 1349 cutar ta dinga dawowa Masar, ta ɗauke wa Ibn Hajar 'ya'ya mata 3, ya zauna ya rubuta littafi guda a kanta, yana tattara hadisai, yana tafiya a kan cewa cuta ba ta yaɗuwa da kanta. A can Andalus kuwa Ibn Khaɗib, waziri kuma likita a Garnaɗa, ya ce gani da gwaji sun tabbatar tana bin tufafi da kwano da jiragen da suka zo daga garin da ta kama. Duka ɓangarorin sun san hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa. Wannan muhawara ce da duk wanda ya yi aikin asibiti a 2020 zai so ya ji ta filla-filla, mu kuwa cikin minti kaɗan aka ba mu ita, direba yana ta danna oda. Kabarin Suyuɗi ma daga taga aka nuna mana shiyyarsa. Ga mutumin da ya rasu a 1505 bayan ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, wanda tafsirinsa ake ja a masallatanmu duk Ramadan, wannan bai isa ba. Alhajin Maraɗi ya yi ta mita har gida, kuma da gaskiyarsa.

Akwai wani gyara da ya shafi irin mutanen da yake ɗauka. Kusan duk abokan cinikinsa marasa lafiya ne ko masu jinya, amma tsarin tafiyar na masu ƙarfi ne. Titin Mu'izz ya kai kilomita guda, daɓen dutse ne, ga matakala a ƙofar gine-gine, ba a tanadi kujerar naɗewa ko keken mara lafiya ba, ba a kuma yi lissafin banɗaki ba sai da na yi magana. Mai ciwon ƙoda ko wanda aka yi wa aikin ƙashi kada ya yarda da cikakken yini. Ya nemi rabin safe kawai, daga Babul Futuh zuwa Azhar, ya ce a tsallake shagon turare tun a waya, a ware Ƙarafa zuwa wata rana. A guji Juma'a saboda cunkoso. Mata su zo da safa, don ana cire takalmi a wurare da yawa kuma daɓen yana zafi da rana.

Shawarar da na ba shi kafin mu rabu ita ce ya sa Gidan Adana Kayan Tarihin Musulunci na Babul Khalƙ cikin tsarinsa, a gurbin turaren. Ba shi da nisa da Babu Zuwaila, ƙofar kudu ta tsohon birni, akwai sanyi, akwai wurin zama, kuma yana da sashen kayan likitanci. Ni na je da kaina daga baya, na tsaya gaban akwatin gilashi ina kallon tsinkunan ido da ƙananan wuƙaƙen aiki da ma'aunin magani, wasunsu in aka wanke aka dafa zan iya jera su a tire ba tare da likita ya tambaye ni mene ne ba. Ustaz ya ce zai gwada da ayari na gaba, in kuɗin tikitin bai sa mutane sun gudu ba. Wanda zai kira shi ya tambaya ko ya sa, in bai sa ba ya nemi a ƙara masa ko da zai biya bambancin.